Takin Feshi A Kan Furannin Ado: Abin Da Ke Cikin Kwalbar Da Muke Sayarwa

 Yau za mu fara ne da ba ku labarin wautar da muka tafka da hannunmu, domin Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

A harabar gidan rediyonmu, a nan jihar Maraɗi, muna da tukwanen furanni guda 12 da muka jera a bakin ƙofa. Wata bazara, ana saura kwana 4 mu karɓi manyan baƙi, sai muka lura ganyensu ya koɗe, ya koma ruwan ɗorawa. Muka aiki yaro kasuwa, ya dawo mana da wata kwalba mai hoton fure ja wur a jikinta. Mai kanti ya gaya masa a zuba murfi 3 a famfon feshi, in kuma ana sauri a ƙara 2. Mu kuwa sauri muke yi, saboda haka muka ƙara. Muka fesa bayan sallar azahar, rana tana dukan ƙasa. Kashegari da safe muka tarar gefen ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta, furen da ya buɗe duk ya yi tabo, kafin kwana 3 ganye ya zube. Baƙinmu sanduna suka tarar a cikin tukwane, kuma 5 daga ciki ba su sake tashi ba.

Da farko mai kanti muka ɗora wa laifi. Amma da muka zauna da malaman gona da masu renon furanni domin shirya wani shiri na rediyo a kan lamarin, sai muka gane cewa abin da ke cikin kwalbar nan ba jabu ba ne. Mai kanti bai san abin da yake sayarwa ba, mu ma ba mu san abin da muka saya ba. Shi ya rasa mu a matsayin masu ciniki, mu kuma muka rasa furanninmu. Wannan asarar ta ɓangare biyu ita ce dalilin wannan rubutu.

Haja ce da ta samu shiga

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Magarya da Maigatari, ya san cewa a rumfunan masu sayar da iri da maganin ƙwari yanzu ba a rasa takin feshi. Wani na ruwa ne a kwalba, wani gari ne a leda, shuɗi ko kore ko ja. Masu lambun tumatir da tattasai da kankana su ne manyan masu sayensa. Amma akwai wasu masu sayen da ba a cika lissafawa da su ba, wato masu renon furannin ado da ke jera tukwane da ledoji a bakin titi a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano, da masu kula da lambun otel-otel da ofisoshi, da masu gadi da aka ɗora wa ban ruwan furanni a gidajen masu hali.

Waɗannan mutane kyan gani suke sayarwa. Manomin gero ba ruwansa da tabo a ganye in dai zangarniya ta cika. Shi kuwa mai furanni, ganye ɗaya ya ƙone, tukunyar ta faɗi a kasuwa, watanni na ban ruwa sun tafi a banza. Mai gadi kuma yana iya rasa aikinsa a kan furen maigida. Saboda haka maganar da mai kanti zai faɗa a lokacin da yake miƙa kwalba tana da nauyi ƙwarai.

Shin ganye yana ci kuwa?

Yana ci, amma kaɗan. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarun 1840 wani masani a ƙasar Faransa mai suna Eusèbe Gris ya shafa ruwan gishirin ƙarfe a kan ganyen da ya koɗe, ya ga ya dawo kore. A shekarun 1950 kuma masu bincike a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, Tukey da Wittwer, suka yi amfani da sinadarai masu alama da na'ura ke iya bin sawunsu, suka tabbatar da cewa abin da aka fesa a ganye yana shiga cikin jikin shuka, wani ma yana tafiya zuwa sauran sassanta.

Ga yadda abin yake. Allah ya lulluɓe ganye da wani siririn kaki domin kada ruwan jikinsa ya ƙafe. Shi ya sa in ka zuba wa ganye ruwa sai ka ga yana gangarewa. Abincin da aka fesa sai ya ratsa wannan kaki, ko ya bi ta gefen ƴan ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, waɗanda a yawancin shuke-shuke sun fi yawa a bayan ganye, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa. Kuma ba ya shiga sai yana narke cikin ruwa. Da zarar ɗigon ya bushe, shiga ta tsaya ko ta ragu ƙwarai, sai gishirin ya zauna a kan ganye. In ya yi yawa sai ya janye ruwan jikin ganyen, kamar yadda gishiri ke janye ruwan nama. Wannan shi ne ƙunar da muka gani a tukwanenmu.

Saiwa ita ce bakin shuka. Ita aka halitta domin ɗaukar abinci dare da rana. Ganye ƙaramar taga ce, ana iya miƙa magani ta nan, amma ba a shigar da buhun hatsi ta taga.

Mu yi lissafi irin na kasuwa

Shuka tana bukatar sinadarai 14 daga ƙasa. Uku daga ciki da yawa take cin su, su ne waɗanda ake rubutawa da haruffan N da P da K a jikin kowane buhu da kowace kwalba, ko da Faransanci aka yi rubutun ko da Ingilishi ko da Larabci. N shi ne azot, mai sa ganye da tsawo. P shi ne fosfor, mai taimakon saiwa da ƙarfin girma. K shi ne potas, mai ƙarfafa jiki da jure ƙishi. Akwai kuma waɗanda take bukata ɗan mitsitsi, kamar sinadarin ƙarfe da ake rubutawa Fe, da zink wato Zn, da manganis wato Mn, da bor wato B.

To, a ɗauki garin nan da aka rubuta wa 20-20-20. Ma'anar lambobin ita ce a cikin kowane giram 100 akwai giram 20 na azot, haka sauran biyun bisa yadda ake auna su. In takarda ta ce a sa giram 2 a kowace lita, famfon goyo mai cin lita 15 zai ci giram 30. A cikin wannan giram 30, azot giram 6 ne kacal, kuma wani zai ɗiga ƙasa, wani iska ta tafi da shi, wani ya bushe bai shiga ba. A ɗaya gefen, buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23, domin kashi 46 cikin 100 ne. Kowane ɗan kasuwa zai iya ganin cewa wanda ya ce kwalba ɗaya ta maye gurbin buhu bai yi lissafi ba.

Wannan lissafi yana da wani amfanin. Leda mai kilo 1, a kan giram 30 kowane famfo, za ta yi famfo 33. Mai tukwane 50 ko 100 ba ya bukatar ko famfo guda a feshi ɗaya. Ke nan leda ɗaya za ta daɗe masa, kuma in ka ga ya dawo saye bayan mako 2, to yana zubawa fiye da kima, ka tsayar da shi ka tambaye shi.

Manyan gonakin furen wardi na ƙasar Kenya, a gefen tafkin Naibasha, da na ƙasar Habasha, waɗanda ke aika fure Turai a jirgin sama, ta saiwa suke ciyar da shukarsu. Suna narka taki a cikin ruwan da ke bi ta siraran tiyo yana ɗiga a gindin kowace shuka. Feshin ganye a wurinsu ƙari ne na gyara. In waɗanda suka fi kowa cin abinci da fure haka suke yi, to mu ma ya kamata mu ajiye kowane abu a muhallinsa.

Inda feshi yake aiki sosai

Kada a fahimce mu da cewa takin feshi yaudara ce. Akwai wurin da babu abin da ya kai shi saurin aiki, wato inda shuka ta rasa ɗaya daga ƙananan sinadaran nan. Masu bincike a ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Masar sun sha gwada fesa ƙarfe da zink da bor a kan furen wardi da sauran furannin kasuwa, kuma abin da aka fi samu shi ne inda ƙasa ta gaza ba da waɗannan sinadarai, feshin yana ƙara koren ganye da tsawon kara da yawan fure. Inda shuka ta riga ta ƙoshi kuwa, bambancin ba shi da yawa.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne na ƙarfe. Akwai furen nan iksora, mai cure-curen jan fure da ake yin shinge da shi, da ibiskus, ɗan uwan yakuwa da rama, da wardi. In ka ga sabon ganyensu na can sama ya fito rawaya ko fari-fari amma jijiyoyinsa suna nan kore, mafi yawan lokaci ƙarfe ne ya yi ƙaranci. Sau da yawa ƙarfen yana nan a cikin ƙasa, sai dai ƙasar ta yi kanwa-kanwa ta riƙe shi, saiwa ta kasa ɗauka. Abin da ke jawo haka a gidajenmu sananne ne: shuka fure a gindin katanga inda aka bar ɓaraguzan siminti, zuba toka a tukunya, ban ruwa da ruwan wanki mai sabulu, ko ruwan rijiya mai nauyi da ke barin farin tabo a jikin buta. A irin wannan hali in ka zuba ƙarfe a ƙasa, ƙasar za ta sake riƙe shi. In ka fesa a ganye kuwa, cikin mako 1 zuwa 2 za ka ga kore yana dawowa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfe ba ya tashi daga tsohon ganye ya koma sabo. Ganyen da feshi ya taɓa shi kaɗai ke warkewa, wani lokaci ma ɗigo-ɗigo, daidai inda ruwan ya sauka. Ganyen da zai fito gobe zai sake fitowa rawaya muddin ƙasar tana yadda take. Saboda haka feshin yana saya wa mai furanni lokaci ne, gyaran gaskiya kuwa shi ne a canza ƙasar tukunya, a cire siminti da toka, a sa ruɓaɓɓen takin gida. Akwai kuma wani jan garin ƙarfe da ake rubuta wa EDDHA, wanda a ƙasa ake zuba shi kuma yana aiki ko da ƙasar ta yi kanwa, sai dai yana da tsada.

In kuwa tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, shuka kuma ta tsumbure, wannan yunwar azot ce. Feshin yuriya mai rauni zai sa kore ya dawo cikin ƴan kwanaki, domin yuriya na daga cikin abubuwan da ganye ya fi saurin sha, amma dole a bi da taki a gindi. In tsohon ganye ya yi rawaya a tsakanin jijiyoyi, galibi maneziyom ne, wanda ake rubutawa Mg. Ka ga ke nan tambaya ɗaya tak, sabon ganye ne ko tsoho, tana iya raba mai kanti da kuskure.

Inda feshi ba ya magani

Ba kowace rawaya ce yunwa ba. Tukunyar da ba ta da huji a gindi, ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe, ganyenta zai yi rawaya. Shukar da ta daɗe a ƙaramar leda saiwa ta naɗe kanta, haka. Wadda tsutsar saiwa ta kama, in ka tuge ta ka ga ƙulle-ƙulle, ita ma haka. Wadda ƙananan ƙwari ke tsotsa ta bayan ganye, haka. Duk waɗannan ko kwalba 10 aka ƙarar a kansu ba za su tashi ba.

Sai maganar buganbiliya, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, mai launin ja ko jar-garura ko fari. Masu kiran waya a shirinmu sun sha kawo kukan cewa sun yi ta fesa masa taki, ya yi ganye shar har ya rufe katanga, amma ya ƙi fure. Dalili shi ne azot ya yi masa yawa. Buganbiliya yana fure ne in ya samu rana sosai kuma aka ɗan ja masa ruwa. Wanda ya shagwaɓa shi da ruwa da taki, ganye zai samu. Ban da haka, sabon tofon da azot ya hura yana da laushi, ƙwari masu tsotso suna sonsa.

Haka ma kariya, furen nan na dajinmu mai kumburarren gindi, wanda yanzu ake sayar da ire-irensa a tukwane. Ɗan ƙasar fari ne, ya saba da ƙishi da ƙarancin abinci. Yawan ruwa da taki na iya ruɓar da gindinsa.

Akwai kuma ledojin da ke ɗauke da lamba babba a tsakiya, kamar 10-52-10, waɗanda ake tallarsu da sunan masu sa fure. Gaskiyar magana, shukar da ta samu fosfor daidai bukatarta ba ta ƙara fure don an ƙara mata. Yawansa ma a cikin tukunya yana iya hana ta shan ƙarfe da zink, a koma gidan jiya. Abin da ke sa fure shi ne irin shukar, da hasken rana, da lokacin shekara, da yadda ake aske ta.

Yanayinmu ba irin na masu kamfani ba ne

Wasu daga cikin waɗannan kaya an haɗa su ne a ƙasashen da ba su san zafinmu ba. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a guji feshi in zafi ya haura digiri 30. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a Maraɗi da Ƙonni da Damagaram. A irin wannan rana ɗigon ruwa yana bushewa kafin mai feshi ya kai ƙarshen layi, ganye bai sha komai ba, sai gishiri ya rage a kansa. Lokacin feshi a wurinmu shi ne bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ko kuma bayan la'asar sakaliya.

Lokacin hunturu kuma matsala biyu ce. Iska a bushe take, ga ƙura ta lulluɓe ganye. Wanda ya fesa a kan ƙura, ƙurar ya ciyar. Sai a wanke ganyen da ruwa zalla tun da yamma, a fesa da asuba. Da damina kuwa a duba sama, domin ruwan da ya sauka ƴan awoyi bayan feshi zai wanke shi. Kuma a lokacin damina an fi son feshin safe, saboda ganyen da ya kwana a jiƙe yana kamuwa da cutar baƙin tabo, musamman wardi.

Kada a fesa wa shukar da ta yi yaushi don ƙishi. A ba ta ruwa a gindi, ta farfaɗo, kashegari a fesa. Wannan ya shafi masu ɗauko furanni a mota daga nesa, waɗanda ke son su fesa da zarar an sauke kaya domin su yi kyau a idon masu saye. A bar su su huta a inuwa tukuna. Kuma a kauce wa furen da ya riga ya buɗe, domin ya fi ganye laushi nesa ba kusa ba, ɗigo kaɗan ke ɓata shi. A sa bakin famfo ta ƙasa domin ruwan ya samu bayan ganye, a tsaya da zarar ya jiƙe kafin ya fara zuba.

Awo, ruwa da famfo

Furannin ado sun fi kayan lambu saurin ƙonewa. Ga garin 20-20-20 da makamantansa, giram 1 zuwa 2 a lita ya wadatar. Ga yuriya, kada a wuce giram 5 a lita, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda a shafe, kuma a lokacin zafi a rage rabi. Inda takardar kamfani ta faɗi awo, ita za a bi, a fara da mafi ƙanƙanta. Sinadarin bor shi ya fi kowanne haɗari, domin tazarar da ke tsakanin abin da ke gyara da abin da ke ƙonawa ƴar kaɗan ce. Takin buhu na 15-15-15, wanda a ƙetaren iyaka ake kira kamfa, na ƙasa ne. Ba ya narkewa duka, yana toshe bakin famfo, kada a jiƙa shi a ce za a fesa.

Ruwan da za a haɗa da shi ya zama mai tsabta. Ruwan sama da aka tara ya fi kowanne. In aka haɗa aka ga ruwan ya yi fari kamar nono ko wani abu ya kwanta a ƙasa, to sinadaran sun kama juna, ganye ba zai sha ba. Haka ke faruwa in aka gauraya taki mai kalsiyom da mai fosfor. Wanda ke son haɗa taki da maganin ƙwari a famfo ɗaya, ya fara gwadawa a ƙaramar kwalba, ya kuma duba ko takarda ta yarda.

Babbar musiba kuma ita ce famfon aro. Famfon da aka taɓa fesa maganin kashe ciyawa da shi yana riƙe saura a tiyo da cikin tanki, kuma ɗan kaɗan ya isa ya murɗe ganyen wardi ko ibiskus, ko ya kashe su. Sau da yawa kwalbar taki ake zargi alhali famfo ne ya yi ɓarnar. Mai furanni ya keɓe famfonsa, ko da ƙaramin na hannu ne mai cin lita 1 ko 2.

Nauyin da ke kan mai kanti

A watan Disamba na 2012 ƙungiyar CEDEAO ta fitar da ƙa'ida a kan ingancin taki, wadda ta wajabta a rubuta a jikin kaya abin da ke ciki da nauyinsa da sunan wanda ya yi shi, mai sayarwa kuma ya mallaki izini. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, amma Najeriya da Benin, inda kaya da yawa ke biyowa, suna ciki. Najeriya kuma ta yi tata dokar ta kula da ingancin taki a 2019, wadda ta tanadi hukunci a kan gurɓata taki da sayar da shi ba izini. Saboda haka ɗan kasuwar da aka kawo wa kwalba ba lambobi, ba sunan kamfani, ba awon haɗawa, sai hoton fure da alkawura, yana da hujjar da zai ce a mayar.

Sai ajiya. Kowa ya tuna yadda kaya suka yi ta kwana a sito lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Takin ruwa ba ya son doguwar ajiya cikin zafi. Kwalbar da ta sha rana a gaban rumfa tana iya kumbura, ko abin da ke ciki ya rabu, ko ya daskare a gindi kamar ƙanƙara, sai awon ya tashi daga yadda aka rubuta. A duba kwanan wata, a girgiza a gani, a ajiye a inuwa. Garin kuma yana shan laima ya dunƙule, a ɗaure bakin ledar da kyau.

Muna kuma roƙon ƴan uwa da a daina ɗura takin ruwa a gorar lemo ko ta ruwan sha domin sayarwa kaɗan-kaɗan. Mun san ana yi ne don sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, amma gorar ba ta da awo a jikinta, kuma yaro na iya ɗauka ya kai baki. In dole ne a raba, a rubuta sunan kayan da awonsa da manyan haruffa, da boko ko da ajami, a manna.

Kafin ka miƙa kwalba, Alhaji, tambayoyi 4 ba za su ci maka minti 2 ba. Wane fure ne? Sabon ganye ne ya koɗe ko tsoho? Yaushe rabon da a sa masa taki a gindi ko a canza masa ƙasa? Da wane famfo za a fesa? Daga nan sai ka ba shi shawarar ya gwada a tukunya 2 ko 3, ya jira kwana 3, in bai ga ƙuna ba ya fesa wa sauran. Wanda ke da furanni da yawa iri ɗaya, ya fesa wa 5 ya bar 5, ya ba su ruwa daidai, bayan mako 3 ya jera su ya duba. Idonsa zai gaya masa ko kuɗinsa sun yi aiki. Wani lokaci amsar da za ka ba mai saye ita ce ba kwalba yake bukata ba, takin awaki ruɓaɓɓe da tukunya mai huji yake bukata. Ka rasa cinikin yau, amma shi da abokan sana'arsa ba za su wuce rumfarka ba in sun tashi sayen iri da leda da famfo.

Mu dai tukwane 7 da suka tsira mun zazzage ƙasarsu, muka tarar da ɓaraguzan siminti da magina suka bari, muka sake haɗa yashi da takin gida. Ragowar kwalbar nan ma ba mu zubar ba. Mun ci gaba da amfani da ita, rabin murfi a famfo, da asuba, sau ɗaya a mako 2, kuma ba ta sake ƙona mana ganye ko ɗaya ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin juna, amin.